Tsintsiyar Inna Yalwa da Sawun Ƙanƙara

Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Malam Hudu, kullum bayan azahar sai wata yarinya ta yi sallama a ƙofar ɗakinsu da gutsuren ƙanƙara ƙunshe a ɗankwali. Ba wanda ya aike ta. Matarsa, Inna Yalwa, ta karɓa ta ɗora masa a goshi. Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma Inna ba ta manta da ɗankwalin nan mai ɗiga ba.

Yarinyar ita ce Karimatou, 'yar Dramane mai sayar da ƙanƙara, maƙwabcinsu a gidan haya na Zongo. A gindin buhunan ubanta ta girma, ta yi lakwal, wato karatun boko, har ta zama malamar kimiyya. Sai dai sau biyu ana zuwa duba darasinta don a tabbatar da ita a aiki, sau biyu harshenta na sarƙewa. Na uku shi ne na ƙarshe. In ta faɗi, sai ta ajiye alli.

Darasin da ya faɗo mata shi ne yadda ruwa da ƙanƙara suka sassaƙa fuskar duniyar Mars. Ranar jajibirin dubawar ta tara tudun rairayi a bakin rijiya, ta kwarara ruwa a gefe guda, ta turo ƙanƙara a ɗayan, ta bari ta narke don ta ɗauki hoto da safe. Inna tana Sèmè-Kpodji wajen suna, sai dare ta dawo, ba ta ga komai ba.

To, shekara talatin Inna ba ta taɓa bari rana ta fito wa tsakar gida ba shara ba. Tana sallame asuba ta ɗauki tsintsiya, ta baje tudun nan tas.

Karimatou ta fito ta dafe kai. "Wayyo Inna, kin share min Mars!"

"Mars kuma? Ni dai ɓarnar yara na gani."

Da hawaye ta nuna mata hotunan Mars a waya: jar ƙasa, ba tsiro ko ɗaya, duk zane-zane. Inna ta ƙura ido, ta sa yatsa.

"Nan ruwa ya bi. Kin ga ya yi rassa, ya je ƙasa ya baje kamar mafici. Wannan kuwa ƙanƙara ce. Ta miƙe sak, ta ture rairayi dama da hagu, inda ta tsaya ta bar rami."

"Inna, wa ya gaya miki? Masana ma haka suke zato!"

"Ubanki. Tun kafin a yaye ki yake jan ƙanƙara a gidan nan, ni ina share sawunta. Amma 'yar nan, a can sama wa ke jan ta?"

"Ba kowa. Sanyin can har iska yake daskararwa, sai ta ɓalle daga kan tudu ta zamo."

"Ikon Allah! To bar kukan. Kai musu abin su gani da idonsu. Ki yayyafa wa rairayin ruwa tukuna, busasshe ba ya riƙe sawu."

Ta shiga ɗaki ta fito da babban farantin aurenta, wanda ko da salla ba ta ba da aronsa. Dramane ya sara ƙanƙara ya rufe da garin katako. Karimatou ta cika farantin da jiƙaƙƙen rairayi, ta hau babur ɗin haya da suke kira zem, faranti a cinya, mai zem yana mitar an jiƙa masa riga.

Inna ta zauna kan tabarma da carbi. Azahar ta wuce, shiru. Sai gab da la'asar ta ji guɗa tun daga bakin titi.

"Inna, na ci! Ban ma yi dogon bayani ba. Tambayarsu kawai na yi, wa ya bi ta nan? Yara suka yi ta rige-rigen amsa. Mai dubawar da kansa ya naɗe hannun riga ya tura ƙanƙara!"

Dramane ya raba wa duk gidan ƙanƙara kyauta. Inna ta yi sujada.

Yau shekara shida Karimatou tana koyarwa, kuma har yanzu akwai lungu ɗaya a bakin rijiya da tsintsiyar Inna ke kewayewa. Domin a yammacin waccan ranar, da Karimatou ta dawo da farantin a wanke, durƙusawa ta yi ta ce:

"Inna, alfarma ɗaya nake roƙo. Ki share ko'ina, amma nan wurin ki bar min shi."