Kibiyoyi Biyar da Kututturen Ƙirya

Shekarun baya, da ciwon gwiwa ya raba ni da tuƙin babbar mota na dawo Kwantagora na zauna, sai na tsiri wata shiririta da tsufana: harbin kututture. Abokina ne ya koya mini, wani tsohon maharbi Bakambare daga wajen Kumbashi. Idan an kwashe amfanin gona, sai mu bi gonakin bayan gari da baka, duk kututturen da muka hango mu ce gada ce, mu sakar masa kibiya. Mata masu itace su tsaya suna yi wa furfurarmu dariya.

Shi yake yin kibiyoyin wannan wasa. Ya yanko kyauro a bakin rafi, ya miƙar da shi a kan garwashi, ya ɗaura masa tsohuwar ƙusa da zaren buhu. Kafin mu harba kuma sai ya je ya doki kututturen da dunduniya. In gara ta ci shi ya yi taushi, mu harba. In ya yi ƙara, mu wuce.

"Alhaji mai yawon duniya," in ji shi, "ka harba wadda in ta karye ba za ka waiwaye ta ba."

Ni kuwa na raina su. Na kwana a Garwa da Agadas da Kumasi, ina jin Fulatanci da Larabcin Shuwa da ɗan Faransanci, kuma na ɗauka wannan ya sa na fi kowa sanin komai. Na ce masa, "Sarkin baka, makiyayan Kamaru da kibiyar gaske suke gwada hannu. Waɗannan tsinken tsire ne."

Ya yi dariya ya ce, "To su ma wani ne yake ƙera musu."

Wata shekara yanar ido ta rufe shi, aka sa masa ranar aiki a wani asibiti mai nisa. Kafin ya tafi ya kawo mini kwarin mahaifinsa a cikin tsumma. Kibiyoyi biyar ne a ciki, baƙin ƙarfen tama irin wanda maƙeran da suke narkawa da kansu, kowacce da kunnuwa masu kaifi. A gidansu kwarin nan daga uba sai ɗa, kuma ba a miƙa shi da giɓi. Yana jiran ɗansa soja ya zo hutu ya ba shi, yana kuma tsoron 'ya'yan ƙannensa su sayar wa masu neman kayan tarihi.

"Hannunka kawai na yarda da shi," ya ce.

Kwana shida na daure. Rana ta bakwai na zari biyu na fita ni kaɗai, wai in ji yadda kibiyar gaske take tashi. Na sami wani kututture baƙi a gefen gona, ban ko taka shi ba. Ashe ƙirya ce, itacen da gatari ma yake shakka. Ta farko ta shige shi, kyauron ya tsage gida biyu, kan ya maƙale. Na ja, na girgiza, na sa wuƙa, ko motsi. Haushi ya sa na harba ta biyu. Ta goge gefensa ta faɗa cikin gamba. Kwana uku ina rarrafe a ciyawa da gwiwar nan tawa, rana ta huɗu aka sa wa wurin wuta.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Sai na ɗauki ɗaya cikin ukun da suka rage na kai wa wani maƙeri a kasuwa, na ba shi guntun sifirin ɗin tsohuwar motata, ya ƙera mini biyu irinta. Na shafa musu toka da man gyaɗa su yi duhu, na mayar cikin kwari.

Abokina ya dawo da bandeji a ido ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo. Na miƙa masa kwarin a zaurena. Ya zaro su ɗaya-ɗaya yana bin kunnuwansu da babban yatsa. Ya ware uku a dama, biyu a hagu. Ya ɗaga ɗaya daga cikin na hagun.

"Alhaji, wannan ƙarfen mota ne."



Ya naɗe ukun a tsumma, ya turo mini biyun da ƙafa. "Riƙe. Waɗannan na kututture ne."

Bai zage ni ba, bai kai ni gaban kowa ba. Muna gaisawa a masallacin Juma'a har ya rasu, amma bai ƙara tsayawa a ƙofata da baka ba. Ɗansa ya karɓi kwari da kibiyoyi uku.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa harbin ne laifina. Yanzu na san da na tare shi da kyauron da ya tsage a hannuna, da faɗa zai yi mini mu wuce wurin. Abin da ya raba mu shi ne na ga idonsa a rufe na ce bari in yi amfani da shi.

Bara na koma gonar da guduma da kurfi irin na maƙera, ko zan ciro kan kibiyar in aika wa ɗan. Na tarar masu gawayi sun tone kututturen har saiwa. Biyun nan na ƙarfen mota suna nan a bangon ɗakina, ko tsatsa sun ƙi yi.