Hwasto Na

Duk wanda ya ce kishi kumallon mata ne, bai taɓa zama cikin masu wa'azi ba. Ni na zauna, kuma na yi nawa kishin har ya hana ni cin tuwo. Ba a kan mumbari na yi shi ba, ba a kan muƙami ba. A kan wata tsohuwa makauniya ce ta Shagari, da wata 'yar kalma da take faɗa duk ran da ta ji ƙarar kekena.

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba aka turo ni Bodinga in riƙe ikilisiya. Ni mutumin kudancin Zariya ne, Hausata a kasuwa da makaranta na koye ta, irin ta littafi. Ikilisiyar kuwa ba ta cika zaure ba: leburorin hanya daga wajen Zuru, da malamin asibiti da iyalinsa, da wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, da wani ɗan doka da ke zuwa in aiki ya bar shi. Duk baƙi ne kamata. Yau a yi wa wannan canjin wurin aiki, gobe wancan ya koma garinsu. Ka koya wa mutum waƙa, kafin ya iya amshi ya tafi. Mutanen gari kuwa Musulmi ne, muna gaisawa, muna ciniki, kowa da alƙiblarsa.

Akwai wasu 'yan tsiraru kuma a Shagari, su ma nawa ne. Wata Lahadin a Bodinga nake, wata in hau keke in bi hanya, in wuce Lambara, in iso da ƙafar wando duk ƙaya. A zauren wani birkila muke taruwa. A bayan gidan akwai wata bukka, a nan tsohuwar take.

Ita kaɗai ce 'yar ƙasa a cikinmu. Ciwon ido ya kai ta wani asibitin mishan mai nisa, ta daɗe can, idon bai dawo ba, amma ta dawo da bangaskiya. Danginta ba su kore ta ba, suna aiko mata da hatsi, sai dai ba sa tambayarta inda take zuwa ran Lahadi. Ni na yi mata baftisma da hannuna a wani tafki bayan damina, tana riƙe da wuyan rigata kamar za ta yage ta. Inna muke ce mata duka.

Kekena yana da wani kuka a baya, ƙiii, ƙiii, na yi ta zuba masa mai ya ƙi bari. Kafin in jingine shi a bango sai in ji muryarta daga cikin bukka: “Hwasto na.” Sakkwatawa ba sa cewa fasto, hwasto suke cewa, kamar yadda suke kiran fura hura. Ni kuwa abin da nake ji shi ne fastona. Nawa. A ƙasar da ba wanda ya san uwata ko ubana, ga wata tsohuwa tana cewa ni nata ne. Wallahi ko, wannan kalmar ita ke tura min keke. In na iso wurin yashin da sai an sauka an tura, ina gumi ina tsaki, sai in tuna akwai mai jirana, in ji ƙarfi ya dawo. Har na taɓa ba matata labari, ta ce, “To, fastonta, sai ka wanke ƙafa kafin ka hau min tabarma.”

Ana nan sai dattawan gunduma suka ga hanyar ta yi min yawa, suka ce za su turo mai bishara ya zauna a Shagari. Ni da kaina na yi godiya a taron. Da ya zo na gan shi, wani dogo, siriri, bai daɗe da gama makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ko naɗa shi ba a yi ba. Wa'azinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, yakan maimaita magana, yakan manta inda ya tsaya. Amma haifaffen ƙasar Sakkwato ne. In ya buɗe baki, munka, sunka, wanga, shina, sai ka ce a tsakiyar kasuwar Shagari aka yanke masa cibiya. Ladabi kuwa ba a magana, ba ya gaishe ni a tsaye, kullum “ranka shi daɗe, Baba.” Ladabin nan ma haushi ya riƙa ba ni, don ya hana ni samun abin da zan kama shi da shi.

Lahadin da abin ya faru na riga shi isowa zauren, ya je duba wani lebura mara lafiya. Ina zaune bakin bukkar Inna, ta miƙo min hura a ƙoƙo ina sha. Sai ga takunsa. Ba keke gare shi ba, takalmin taya ne kawai yake ja. Inna ta ɗaga kai, fuskarta ta washe, ta ce, “Hwasto na.”

Na ajiye ƙoƙon hurar a ƙasa. Na ce a raina, to fa. Wannan ɗan bana bakwai, wanda ko hannu ba a ɗora masa ba, shi ne har ya zama fasto, kuma nata? Ni da na shiga tafki da ita har ƙugu? Na tashi na yi wa'azi ran nan a kan tawali'u, ina yi ina hararar ƙeyarsa. Ya ja waƙa, na ce ya ɗauko ta da sama. Ya yi addu'a, na ce ta yi tsawo, jama'a suna da aiki. Ya sunkuyar da kai ya ce za a gyara. Da ya yi min musu da na ji sanyi.

Daga nan idona ya buɗe, na fara ganin abubuwa. Jinkar bukkar Inna sabuwa, shi ya yi mata. Randarta cike. In na zo sai in tarar suna hira suna dariya, ana zuba Sakkwatanci kamar ruwan sama, rabi in gane, rabi ya wuce ni. In na zauna sai su rage gudu don ni, kamar yadda ake yi wa baƙo. Abin ya ci min rai ƙwarai. Na san aikinsa yake yi, aikin da ni na roƙa a zo a yi. Sanin bai rage komai ba.

Sai na ɗauke ƙafa. Damina ta ba ni hujja, na ce hanya ta lalace, keke yana son gyara. Matata ta dube ni ta ce, “Hanyar da ka bi bara cikin ruwa har gwiwa ce ta lalace bana?” Na ce ta bar ni. Ta ce ai ta bari, amma tuwon da nake juyawa a kwano ba shi ya yi min laifi ba. A zuciyata kuwa cewa nake, tun da ta sami fastonta, sai ya ishe ta.

A cikin kwanakin nan ne na kai rigar sujada wurin wani tela a kasuwar Bodinga, ya ɗinke min hammata. Dattijo ne Musulmi, muna wasa da juna sosai, yakan ce ranar da zan musulunta shi zai ɗinka min rigar kyauta, ni kuma in ce ranar baftismarsa ni zan riƙe masa hula. Na yi sallama, wansa da ke kishingiɗe a can cikin rumfa ya ce, “Wa na?” Tela ya ce, “Hwasto na.”

Na yi dariya, na ce, “A'a, Malam, yau kuma? Yaushe na zama fastonka ban sani ba? Sai mu nufi tafki.”

Ya dakatar da keken ɗinki, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “Ranka shi daɗe, kada ka ja min magana cikin kasuwa. An ce wa na, ni ko na ce kai na. Abin da Kanawa ka ce ma fasto ne. In da nawa nika nuhi, ai sai in ce nau. Nau na.” Ya juya ya ba wansa labari, suka yi ta dariya har da tari.

Ni ma na yi dariyar, ta fatar baki. Abin haushin shi ne na san wannan. Kullum ina jin shi na, ita ta, gaskiya ta, a bakin mai nama da mai goro. Amma ban taɓa kai wannan sanin bakin bukkar Inna ba, ko sau ɗaya. Kunne yana jin abin da mai shi ke so. Ashe makauniya ce kawai ke gaya wa kanta wanda ya iso. Da jaki ne ya yi kuka a ƙofar, da ta ce jaki na.

Za ka ce ai sai hankalina ya kwanta, tun da ba ta ce da kowa nata ba, ni da shi duk ɗaya. Ina fa. Kishin sai ya sake riga. Shi tun ranar farko ya san abin da take faɗa, bai taɓa ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Ni ne na yi ta tuƙa keke ina murmushi ni kaɗai a daji, a kan kalmar da ba a faɗa ba. Na koma gida da rigar a hannu, ban gaya wa matata ba. Na san abin da za ta ce.

Hatsi ya fara fitar da kai sai ga shi a Bodinga, ya biyo motar kasuwa, ƙafa duk laka. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce jikin Inna ya yi nauyi, ta bar cin abinci, tana neman Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da Almasihu. Wannan kuwa ba shi da ikon bayarwa, sai wanda aka naɗa. Na ji wani ɗan daɗi mara kyau ya ratsa ni, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ashe akwai abin da Sakkwatanci ba ya yi. Na ɗaure gurasa da ƙoƙon Jibi a jaka, na goya shi a bayan keke, muka kama hanya da hantsi. A wurin yashi muka sauka, shi ya tura.

Keken ya yi kukansa a bakin bango. Daga ciki na ji muryar, ta ragu sosai: “Hwasto na.” A karon nan na ji ta daidai.

Mun tarar da matar birkila a ciki, da wata ƙanwar Inna da ta zo daga ƙauye jinya, tana zaune daga gefe da carbi a hannu. Na durƙusa na ce, “Inna, sannu. Yaya jikin?” Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, “Kwana biyu. Mi ya hana ka zakuwa? Ko mun yi laihi?” Na ce hanya ce, Inna. Ta ce Allah shi gyara hanya.

Ba ta iya zama da kanta. Mai bishara ya zaga bayanta, ya ɗago ta, ya jingina kanta a ƙirjinsa, ya gyara mata ɗankwali. Ƙanwar ta dube shi, ta dube ni, da alama ba ta san ko waye waye ba. Ta ce, “Yaya, su wa na?”

Inna ta ɗaga hannuna da take riƙe da shi, ta ce, “Wanga hwasto na. Shi ya yi min wanka a tabki.” Sannan ta saki, ta kai hannun baya, ta shafa fuskar mai bishara, ta ce, “Wanga ko nau na.”

Ba wanda ya fassara min. Ban nemi tela ba.

Na buɗe jakar, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai. Na yi addu'ar godiya. Na gutsura gurasa, na jiƙa ta don ta iya haɗiya, na sa mata a baki. Na kai mata ƙoƙo, shi ya tallafi haɓarta, ta kurɓa. Na ba matar birkila. Sannan na sake gutsura, na juya, na ba nata.