Hannun da ya tsaya a iska

Na gama digiri na biyu a fannin ƙwayoyin cuta a shekarun da ake ta rage ma'aikata a Ingila, har laburaren unguwarmu a Salford sai da aka garƙame. Wata huɗu suka rage wa bizata. In ban samu aiki ba, sai tattara komatsai.

Sau biyar aka kira ni intabiyu a Manchester, duk tun a bakin ƙofa nake faɗuwa. Namiji zai miƙo hannu, ni kuwa in dafa ƙirji in ɗan russuna, yadda na saba gaida maza tun ina budurwa. Hannunsa ya tsaya a iska, fuskarsa ta yi ja, sannan mu zauna mu yi rabin awa muna ɓata wa juna lokaci. Bayan kwana biyu saƙo ya zo mai taushi, wai sun ji daɗin ganina. Da ma zagina suka yi, da na san da wa zan yi faɗa. Sai dai in hau jirgin cikin gari in koma ɗaki, in rasa abin da zan gyara.

Yayata da ke unguwar Perry Barr a Birmingham ta buga waya. "Ke dai ki miƙa hannun nan, just once, sau ɗaya tak. Allah Ya ga zuciyarki."

Na kashe wayar cikin fushi. Da sati uku suka rage, aka sake kira na intabiyu, na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham na ƙudurta zan miƙa.

Wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje ne a unguwar Aston. Manajan ya fito, dattijon Bature mai sanƙo. Na runtse ido na miƙa. Da na buɗe, sai na ga ya dafa ƙirjinsa ya russuna. Ashe mata Musulmi da ke aiki a wurin sun daɗe da koya masa. Wannan karon hannuna ne ya tsaya a iska, na rasa inda zan kai shi don kunya.

Ya ɗauke ni aiki, har ya nuna mini lungun da suke salla. Shekara uku na yi a wurin, bai taɓa tada zancen ba.

Yayata kuwa har yau tana yabona a gaban ƙawayenta, wai na tsaya kan addinina har Allah Ya kawo mafita. Ban taɓa gyara mata ba.