Taku Goma Sha Uku

Shekarar da aka datse kogi, ina aji biyu a kwaleji a Kano ina karatun lissafi, kaina ya kumbura har hula ba ta shiga. An riga an tashi ƙauyenmu, can tsakanin Karaye da Rogo, an mayar da mu kan tudu. Masu rai sun kwashe komatsansu, saura matattu. Inna kuwa shekararta guda ke nan a makabartar tsohon gari.

Liman ya ce idan ruwa zai ci kabari, ya halatta a sauya wa mamaci makwanci. Wasu sun ɗauke nasu. Baba ya aro diga da shebur ya jingine a zaure, amma ya kasa ɗauka. Tone matarsa abu ne mai nauyi, barinta ga ruwa ya fi nauyi. Da na zo hutu da damina sai ya kira ni.

"Kai da ka yi boko, ruwan nan zai kai wurin mahaifiyarka?"

Na ce, "Baba, a ba ni mako uku."

A zangon da ya wuce aka fara koya mana jerin lambobin da ba ya ƙarewa. Ka tara ɗaya da rabi da rabin rabi, ka yi ta yi har abada, ba za ka wuce biyu ba. Abin ya shiga raina, ina neman inda zan gwada shi.

Ranar Juma'a na kafa turke a bakin ruwa. Daga nan zuwa kabarin Inna taku ɗari ne. Mako na farko ruwa ya ci taku arba'in, na biyu ya ci ashirin. Na ji daɗi, ga rabi ya fito. Mako na uku na auna na samu goma sha uku. Goma nake so. Na sake aunawa, goma sha uku dai. Sai na ce taɓo ne ya rage mini tsawon taku, na rubuta goma. Wannan ba kuskure ba ne, da idona a buɗe na yi shi.

"Taku tamanin zai ci ya tsaya, Baba, ko shekara dubu zai yi."

"Ka tabbata?"

"Lissafi ba ya ƙarya."

Ya ce alhamdu lillahi. A ranar ya mayar wa masu diga kayansu.

Bayan mun koma makaranta, wata safiya malaminmu ya rubuta wani jeri a allo: ɗaya, da rabi, da ɗaya bisa uku, da ɗaya bisa huɗu. Ya ce wa yake ganin wannan yana da iyaka? Ni na fara ɗaga hannu.

Ya ce, "Sauke, sarkin gaggawa. Kowane taku ya fi na baya ƙanƙanta, amma wannan ba ya tsayawa. Duk inda ka kafa masa iyaka sai ya wuce ta."

Arba'in, ashirin, goma sha uku. Ashe irin jerin da ke allo ne. Na lissafa a gefen littafi, mako bakwai ya ishe shi cin taku ɗari. Muna cikin na tara.

Na shiga motar Karaye, na ƙarasa a ƙafa. Babu makabarta, babu turke, ko tsamiyar da muke kwatance da ita ruwa ya kayar. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya roƙi wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Da muka yi nisa sai Baba ya juyo.

"Tunda ka iya awo, nuna mini inda take in yi mata addu'a."

Ruwa ne ko'ina, iri ɗaya. Ban sani ba, kuma na kasa faɗa. Na miƙa yatsa na nuna wani wuri, Baba ya ɗaga hannuwansa.

Har ya rasu, duk Juma'a sai ya je bakin ruwa ya fuskanci wurin da na nuna masa.