Ganyen da Ya Juya wa Taga Baya

Shekara talatin da ɗaya Arvo Kallio ya yi yana tuƙa motar share ƙanƙara a garin Thunder Bay, bai taɓa shuka ko albasa ba. A wurinsa ganye iri biyu ne: wanda ake sharewa da kaka, da wanda likita ke tilasta wa mutum ya ci. Matarsa Verna ce mai hannun shuka. Ita ta shigo da tsiron ado mai faɗin ganye da ake kira monstera gidan, ɗan reshe naɗe da jiƙaƙƙen tsumma a cikin rigar sanyinta, don kada ya daskare tsakanin coci da mota. Ba irin na kanti ba ne. Ganyensa kore da fari, kamar an watsa masa madara.

Tsiron ƙasar zafi a garin da majina ke daskarewa a hanci, ai sai lallashi. Ruwan famfo na ƙona masa bakin ganye, don haka mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana korar ƙanƙara daga titi ya koma ɗebo ta a bokiti, yana kai ta falo ta narke. Duk Lahadi kuma Verna takan ɗan juya tukunyar, domin ganye haske yake bi, in an ƙyale shi sai ya karkace wajen taga.

"Ni dai ban taɓa samun wannan gata ba," in ji Arvo.

"Kai ma fitar da sabon ganye mu gani," in ji ta.

Verna ta rasu a watan Nuwamba. Arvo ya ci gaba da ɗebo ƙanƙara, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Ganyen farko da ya buɗe bayan jana'iza fari ne fat, ko ɗigon kore babu. Na biyu ma haka. Kuma dukansu suka juya wa taga baya, suka fuskanci kujerar Verna da ke lungu, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ran Lahadi ya juya tukunya. Laraba da tsakar rana ya shigo da bokiti, ya tarar sun koma. Ya ja kujerar ya kai bakin ƙofa. Kwana biyu, suka bi ta.

Sai ya kira Dolores Petryk, maƙwabciyarsu, wadda ta ba Verna reshen tun farko. Ta ɗaga tsofaffin ganyayen guda uku, ta ga sun fara rawaya.

"Arvo, farin ganye ci-ma-zaune ne, kamar ka tun da ka yi ritaya. Ba ya dafa abinci, sai dai ya tsotse koren. Ka yanke kan tsiron daga wannan gaɓa, in ba haka ba kafin ƙanƙara ta narke shi ma ka binne shi."

"Kin ga inda suke kallo?"

Ta duba. Da ma ta nufi kujerar da kofin gahawarta, sai ta fasa, ta sha a tsaye.

"Iskar hitar ɗumama ɗaki ce."

"Hita tana wancan bango, tsohuwa."

"To ka tambayi fasto, ni ganye na sani."

Arvo bai yanke ba. Da safe yakan zauna ya ba kujerar labarin gari, wa ya faɗi a kan ƙanƙara, wane sabon direban share ƙanƙara ya kwashe akwatin wasiƙun mutane na bakin titi, fararen ganyayen na tsaye kamar masu ba da shaida. Tun da aka binne Verna bai ji gidan da mutum ba sai yanzu. Amma koren ganye ɗaya ya faɗi, sannan na biyu. Saura ɗaya tal yana ciyar da kowa. Ya san abin da Verna za ta kira namijin da ya zuba ido shukarta ta mutu don yana jin daɗin hira.

Ya goge reza da barasa, ya ce, "Ki yi haƙuri, uwargida," ya yanke. Ruwa ya tsattsafo a wurin, ya daɗe yana ɗiga.

Bayan mako biyar sabon ganye ya fito daga gaɓar, kore da ɗan fari, ya miƙe wajen taga kamar kowane tsiro. Shuka ta tsira. Falo kuwa ya koma falo kawai, Arvo ya daina yi wa kujera magana.

Kan da ya yanke bai iya jefarwa ba, ya tsoma shi a kwalbar ruwa bisa teburin cin abinci. Dolores ta ce ba zai yi mako biyu ba. Ya yi wata uku, bai fitar da saiwa ba, bai kuma yanƙwane ba. Ranar da ta kawo masa miyar kabeji, bayan ta ajiye masa a tebur ya zauna, ta waiwayo ta tsaya turus a ƙofar kicin.

"Ka tashi daga nan, Arvo. Koma wancan gefen."

"Na gwada, Dolores. Duk kujerun huɗu na gwada."

Fararen ganyayen biyu sun sunkuyo daidai fuskarsa. Ya ɗauki cokali, ya dube su.

"Na gan ki. Bari dai in gama miyar nan tukuna."