Turmin Kaka Tumba

A gidanmu na Bukkuyum ba a fara tatsuniya sai an kwashe tuwo. Kakarmu ta wajen uba, Kaka Tumba, ta yi tuwon sayarwa a bakin kasuwa tun kafin a haifi babanmu. Da ƙarfinta ya ragu ta bar wa Inna sana'ar, amma gindin murhu bai rabu da ita ba. Da an idar da magariba sai ta jawo 'yar kujerarta gaban ragowar wuta, ta tura karan dawa ciki, mu jikoki mu kewaye ta. Ni na fi kowa matsawa kusa da ita, ba don ladabi ba, don ƙanzon tukunya a hannunta yake.

A bayan ɗakinta akwai wani turmi na ƙirya, ya yi baƙi don daɗewa. Kaka za ta ba ka aron tukunya, ta ba ka aron zanen zuwa biki, amma turmin nan ba ya ƙetare ƙofar gida. Matan unguwa suna kiranta marowaciya a bayan idonta. Wata rana maƙwabciyarmu ta aiko aro, Kaka ta hana, ni kuwa kunya ta ishe ni. Da muka zauna gindin wuta na kasa haƙuri.

"Kaka, ke dai rowa gare ki. Turmi na hwa, ba zinari ba."

"Zamna nan, Luba mai bakin tsiya," in ji ta. "Ta yau taki ta. Ga ta nan tahe da ƙahwahunta."

Muka haɗa baki, "Ta iso mu ji ta."

Wai an yi wata mai tuwo a mararraba, inda hanyar mutane ta haɗu da ta namun daji. Fatake su ci, makiyaya su ci, zomo ya ci, har giwa takan tsaya a zuba mata a masaki. Rannan sai ga kura da ƙulli a baki, ta ce kanwa za ta daka, a ba ta aron turmi. Mai tuwo ta ji nauyinta ta ba ta. Ashe sassaƙen maɗaci ne, maganin haƙori. Kura ta daka abinta, ta wanke turmi tas, ta dawo da shi har da godiya. Mai tuwo ta sunsuna ba ta ji komai ba, ta daka dawarta ta tuƙa. Wanda ya fara kai loma ya tofar, na biyu ya tofar, kafin la'asar mararraba ta watse. Ta goge turmin da toka, ta goge da yashi, ta kai shi gulbi ya kwana cikin ruwa. Tuwo dai ɗaci.

"To ba ta wanke ba?" na tambaya.

"Ta wanke, ɗiyata. Ruwa bisa icce shika tsayawa, ɗaci kau ciki yash shiga."

Maƙwabta suka ce ta ƙara daddawa da barkono a miya, ba mai ganewa. Ta ƙi. Ta ɗauki gatari ta faskara turmin, ta je wurin masassaƙi ya yi mata sabo. Ta tuƙa tuwo, ba wanda ya zo. Washegari ta sake tuƙawa, ba kowa. Haka ta yi ta hura wuta tana kwashewa tana ci da 'ya'yanta, har wani tsohon kunkuru ya iso, wanda don nawarsa labarin ɗacin ma bai riske shi ba. Ya ci, ya lashe kwano, ya kama hanya yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi. Da yake kunkuru ne, labarin ya daɗe bai kai ko'ina ba, amma dai ya kai.

"Ƙurunƙus, kowa shi tashi shi wanke hannunai."

Mu kam ba mu ji daɗin ƙarshen ba. Mun so a kama kura a yi mata dukan tsiya. Kaka ta ce, "Kura mi ag gaminta? Halinta ta yi. Mai tuwo ad da bakin mutane ga hannunta." Na tafi kwanciya ina ganin tsohuwar dai ta nemi hanyar kare rowarta ne.

Da na gama sakandare na ce abinci zan yi sana'a, kuma ba tuwon bakin kasuwa kaɗai ba. Aka kai ni Gummi wurin wata ƙawar Inna mai gidan abinci kusa da tasha. Daga wankin kwanuka na fara, sai yankan albasa, sai miya. Na daɗe kafin ta yarda in riƙe muciya. A wurinta na koyi tuƙa babbar tukunya ba gudaji, na koyi auna shinkafa da ido, na koyi yadda ake yi wa direba mai jin yunwa magana ba a yi faɗa ba, wanda ya fi tuƙin wuya. Bayan aure ya kai ni Anka, na kafa rumfata da benci da tukwane na kaina. Ranar da na fara kwashe tuwo a ciki na yi kukan daɗi, na kuma yi kewar Kaka, don lokacin ta riga mu gidan gaskiya.

A shekarun nan ba wanda bai san gubar dalma ba a ƙasarmu. Ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa a ƙauyuka irin su Abare da Sunke ta shiga gidaje, ta ci yara, ta bar wasu da ciwo. Masu haƙo da 'yan kabu-kabu su ne yawancin masu cin abincina, kuma rumfar ta fara kama ƙasa. Wata safiya na kai dawa wurin mai injin da nake niƙa, sai na ga wata ƙura mai ruwan toka ta maƙale a bakin injin, ga buhun dutse an jingine a baya. Mai injin ya ga inda idona ya tsaya.

"Hajiya, na wanke shi tas. Duba ki gani."

Na ɗauki dawata na juya. Injin da na tabbata hatsi kaɗai yake niƙawa yana can ƙarshen gari, ga layi, ga shi wani lokaci babu man inji. Tuwona ya koma fitowa a makare. Mai yunwa kuwa ba ya jira, sai benci ya fara zama fayau. Maigidana ba mugu ba ne, tsoron rufewar rumfar yake ji. Ya ce, "Kowa can shika niƙa, Luba. Ke ɗai ta mai ido?" Na ce masa abin da ba zan ba ɗanmu ba, ba zan sayar wa ɗan wani ba, ko da kuwa zan koma wankin kwanuka a Gummi.

Na aika Bukkuyum Inna ta ɗoro mini turmin Kaka a saman bas. Na nemo mata biyu, muka shiga daka a gaban rumfa tun da safe, kowa yana gani. Hannuwana suka yi kanta. Masu wucewa suna dariya, wai Luba ta koma zamanin da. Akwai ranakun da tuwo ya yi kwantai na raba wa maƙwabta, na zagaya bayan rumfa na share hawaye. Amma ko sau ɗaya ban kwana da niyyar kashe wutar ba.

Kunkuruna ya zo ne a siffar wata mata 'yar ƙauye, da goyo a baya, ta fito daga asibiti. Ta tsaya ta daɗe tana kallon taɓarya.

"Nan kuka daka garinku?"

"Nan, baiwar Allah."

"Ba ku kai shi inji?"

Na ce ba mu kaiwa. Ta zauna ta ce a zuba mata malmala ɗaya da miyar kuka. Ta kwance yaron, ta gutsura, ta hura, ta sa masa a baki. Sai da ya haɗiye sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun da dalma tac ci wan nai, bai taɓa cin abin da ba hannuna yay yi ba sai yau." Na juya na ƙara musu miya.

Ta dawo, ta zo da wasu matan da suke jinyar yara tare. A hankali mazansu suka biyo, masu haƙon ma suka dawo benci. Yau ina da ɗan injina a cikin gida, ban da hatsi ba abin da ya taɓa shiga cikinsa, kuma an zo neman haya ba sau ɗaya ba, amma na hana. 'Yan matan da ake kawo mini koyon aiki, kafin in nuna musu murhu sai na kai su gaban turmin na ba su labarin kura. Su ma sukan tambayi abin da aka yi wa kurar.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan hana aro take. Sai da na ga uwa ta sa tuwona a bakin ɗan da ya rage mata na gane abin da Kaka take tsarewa a bayan ɗakinta. Yanzu ni ake kira marowaciya a unguwa, kuma ina amsawa. Yaron nan ya girma, da kayan makaranta yake biyowa ta rumfata da ƙafarsa, kuma kullum sai ya leƙa tukunya ya ce in ajiye masa ƙanzo.