Hannun Baba a Zangon Kwatano

Birnin Kabi zuwa Malanbil

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar Talata na fita daga gida. Wasiƙar da ta zo daga Kwatano ta ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a karar shanu, ƙafarsa ta dama ta mutu, baki ya rufe, amma wai yana amsa magana da matse hannu. Baba dillalin shanu ne, sau ɗaya yake leƙo gida a shekara. Inna ta rako ni zaure ta ba ni saƙo guda.

"Ka tambaye shi, Sa'idu. In gida yake so, ka kawo mini shi. In ya ce a bar shi can, na haƙura."

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ana koya mana ilmin halayyar ɗan Adam, kaina kuma ya ɗauki zafi, ina ganin na san kome. Har littafin darasi na cusa a jaka, kamar shi zai ta da Baba.

Motar Kamba ta cika ƙarfe bakwai. Muka bi ta Gaya, muka haye gadar Kwara da la'asar. A bakin Malanbil na fara ganin koriyar tuta mai jan tauraro, wani jandarma kuma ya juya katin shaidata sama da ƙasa ya kira ni kamarad. Direba ya raɗa mini: "Nan kowa kamarad ne, har wanda zai kulle ka. Ka amsa kawai." Na kwana a rumfar tasha bisa tabarmar haya.

Malanbil zuwa Faraku

Kilomita ɗari uku da 'yan kai, amma sai da muka yini. Shinge bakwai na ƙirga, kowanne a sauko, a kwance kaya, a ɗaure. A Kandi na ci doya da miyar gyaɗa, ban ji ɗanɗanonta ba.

Tsakanin shinge da shinge nake buɗe littafi. Ƙwayar jijiya doguwa ce, saƙo yana bin cikinta kamar wutar lantarki, in ya kai ƙarshe sai ya tarar da ɗan giɓi, wani ruwa ya ɗauke shi ya haye da shi zuwa ƙwaya ta gaba. In jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin wurin sukan mutu, kuma ba sa tsirowa. Wani shafi ne ya tsaya mini a rai. Jariri yakan damƙe duk yatsan da aka sa masa a tafi ba da niyya ba. Gaban ƙwaƙwalwa ne ke danne wannan in an girma, in kuwa ya lalace sai damƙar ta dawo. Na rufe littafin, raina ya ɓaci.

Jirgin ƙasa zuwa Kwatano

Alhamis ƙarfe takwas da rabi jirgi ya tashi daga Faraku. Sama da kilomita ɗari huɗu, ga tsayawa a kowane ƙauye. Muka iso ana kiran magariba, iska mai danshi da ƙarnin kifi ta tare ni. Daga tasha da ƙafa na taka zuwa Zango.

Baba yana gidan Alhaji Ɗanjuma, mai saukar da fatake, abokinsa na shekaru. Ƙanwar Baba, Gwaggo Rabi, mai tuwon sayarwa a unguwar Akpakpa, ta rufe rumfarta ta dawo jinya. Na same shi kwance, idanu buɗe, ya rame har na ga ƙasusuwan haƙarƙari. Na yi sallama, bai dube ni ba. Na sa hannuna cikin nasa na dama, ya damƙe tam. Duk abin da na karanta a hanya ya gudu, na durƙusa na yi kuka.

Juma'a a Zango

Da safe na gane gidan ya rabu biyu. Likitan lofital, wato asibiti, ya ce hanyar arewa za ta iya kashe shi. Gwaggo ta ce ta tambaye shi ko a bar shi nan, ya matse. Alhaji ya ce shi ma ya tambaye shi ko a kai shi gida, ya matse.

"Ɗana, mutum ya mutu a gaban iyalinsa ya fi," in ji Alhaji. "Na yi magana da mai kamiyon, babbar motar shanu, zai koma fanko ranar Lahadi."

"A kamiyon, Alhaji?" Gwaggo ta ce. "Yayana ba sa ba ne."

Malaminmu yakan ce mai son amsa yakan gan ta ko babu ita, don haka a yi tambaya, a yi kishiyarta, a kuma gwada ba tare da tambaya ba, a rubuta kafin a fassara. Na roƙe su su zauna. Na ce, "Baba, sunanka Mamman?" Ya matse, sunansa ne kuwa. Na ce, "Sunanka Audu?" Ya matse. Na yi shiru na sa masa muciyar Gwaggo a tafi, ita ma ya damƙe ta haka nan.

Gwaggo ta fizge muciyarta. "Bokonka ya kai ka yi wa ubanka wasa da muciya?"

Na ji kunya ƙwarai, amma na ce mata matsi ba amsa ba ne, saki ne amsa, domin shi ne ba ya zuwa sai da niyya. Alhaji ya gyaɗa kai.

"Ai haka yake a kara. Ya riƙe hannun mai saye, ba ya saki sai ya yarda. In ya saki, ciniki ya faɗa."

Na kai bakina kunnensa. "Baba, Sa'idu ne. In kana ji na, saki hannuna." Sau goma na faɗa kafin masallaci, sau goma bayan la'asar, Alhaji yana duba agogo, ina rubutawa. Bai saki ba ko sau ɗaya. Na gwada ƙifta ido, wani lokaci ya ƙifta, wani lokaci a'a, kamar na kowa.

"To me takardar ta ce?" Gwaggo ta tambaya, muryarta ta yi sanyi. "Ba ya jin mu ke nan?"

Na ce ban sani ba. Mai yiwuwa ba ya ji, mai yiwuwa yana jin kome, sakin ne ya gagare shi. Abin da na tabbatar kaɗai shi ne babu wanda ya amsa wa, ba ita ba, ba Alhaji ba. Na raba su da abin da suke riƙe da shi, ban ba su kome a madadinsa ba, kuma har yau wannan yana ci mini rai. Tunda bai zaɓa ba, zaɓi ya dawo kaina. Na ce a bar shi, ba zan sa shi a kamiyon ba.

Komawa

Asabar ƙarfe bakwai na shiga yi masa sallama. Na sa hannu, ya damƙe. Na ce, "Baba, zan tafi, jirgi ƙarfe takwas." Na jira har Alhaji ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Da kaina na ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga wannan, wancan yana komawa. Na san sunan abin a littafi, sanin kuwa bai rage mini kome ba.

Faraku, Kandi, Malanbil, shingayen nan dai, ban buɗe littafi ba. Litinin bayan la'asar na iso gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji da Gwaggo, Allah ya saka musu da alheri.

Inna ta leƙa bayana ta ga ni kaɗai ne.

"Me ya ce?"

"Bai ce kome ba, Inna. Ya dai riƙe ni."

"Wane hannu?"

Na miƙa mata na dama. Ta karɓa ta riƙe da hannu biyu, har aka kira magariba ba ta saki ba.